Yadda Za Ka Ɗora Manhajar Java a Gajimare, Alhaji Bai Sallame Ka Ba

Ka gama rubuta wa Alhaji manhajar lissafin buhunan shinkafar da ke fita daga injinsa na Dakata, kuma tana aiki sumul a kwamfutarka. Madalla. Sai dai kwamfutarka ba ta kwana a kunne, janareta kuwa ba don kai ake tayar da shi ba. Saura a kai ta gajimare, wato kwamfutocin wasu mutane a Cape Town, inda Amazon ta buɗe cibiya a 2020. Kada Alhaji ya ji wannan. Wanda ke ƙirga buhu da idonsa ba zai yarda littafinsa ya kwana a garin da ba shi da ko suruki ba.

Fara neman katin da ke biyan dala. Heroku ta daina bayar da masauki kyauta tun Nuwamban 2022, don haka banza ta ƙare. Je wajen Alhaji bayan ya ci abinci, ka faɗi kuɗin da dala: "Ranka ya daɗe, goma ce kacal." Bar akanta ya mayar da ita naira bayan ka fita.

Sai ka sa Maven ta ɗaure maka komai a ƙunshin JAR guda, ka tura. Za ta ƙi tashi. Kai da Java 17 ka gina, can kuma ka zaɓi Java 8 ta 2014 saboda ita malaminku ya sani. Gyara, ka sake turawa. Yanzu allo zai nuna maka 502. Manhajarka na zaune a ƙofa ta 8080 tana jiran baƙi, Elastic Beanstalk ta Amazon kuwa tana ta sallama a ƙofa ta 5000. Layi ɗaya ne gyaran, amma al'ada ta tanadi a yi kwana biyu ana zargin intanet tukuna.

In ka kama ƙaramar saba don tsimi, ka sani Java ba ta san tsimi ba. Takan share ƙwaƙwalwar na'ura kamar ɗan dako a gaban tuwo, sannan ta faɗi. Kalmar sirri kuma kada ka bar ta a GitHub. Akwai masu sintiri dare da rana, su tsince ta su haƙi kirifto da sunanka, takardar bashi ta zo wa Alhaji.

Agogon sabar yana bayan na Kano da awa guda. Motar da aka yi wa lodi ƙarfe goma sha biyu da rabi na dare za ta bayyana a lissafin jiya, mai gadi ya rantse, direba ya rantse, duk su yi gaskiya. Saita shi zuwa Africa/Lagos kafin a kori wani.

Ranar Juma'a kuwa kada ka taɓa komai. Ɗora ranar Talata da safe, ka gaya wa magatakarda ya ci gaba da rubutawa a tsohon littafinsa har ƙarshen wata.