Ragin da Ya Koma Kafin Alƙalami

A shagon Kawuna da ke Kantin Kwari ni ne ɗan boko. Shi da shafawa kawai yake gane shadda mai kyau, ni kuma an ce ina jin Turanci. Don haka da za mu yi odar leshi daga Guangzhou a ƙarshen 2023, lokacin da dala ta haura naira 1,000 a kasuwar Wapa, sai ya miƙo mini waya.

"Faɗa wa ɗan Canan nan ya yi mana ragi. Kashi 30."

Kalmomi biyu suka tsaya mini a ka, discount da deposit. Duk a bakin masu kuɗi nake jin su. Na ɗauki deposit, don ta fi cika baki.

Kafin in ajiye wayar amsa ta iso. Ya amince, har da hoton babban yatsa. Na ce tunda wuri ya yi laushi bari in ƙara tonawa, na rubuta kashi 50. Wannan karon ɗan'uwa ya kira ni, ya haɗo da furanni.

Nan na bi layi ina shelar na kayar da ɗan Cana a ciniki. Har fura na saya wa maƙwabta da ribar da ba ta zo ba.

Kawu ko murmushi bai yi ba. "Kai yaro, tun kafin a haife ka nake kasuwa, ban taɓa ganin mai kaya ya sallama bai ce albarka ko sau ɗaya ba. Ko dai kayan na sata ne, ko kuma kai ne kayan."

Washegari takardar farashi ta zo, ko kwabo ba a rage ba. A ƙasa an rubuta mu biya rabin kuɗin kafin a fara aiki. Ɗan maƙwabcinmu da ke jami'a ya duba, ya yi dariya har ya riƙe ciki. Deposit kafin alƙalami ne, discount shi ne ragi. Su can galibi kashi 30 ake bayarwa, cikon kuma sai za a loda kwantena. Ni da yatsana na ɗaga mana zuwa 50, kuma mutumin ya ƙi sauka.

Kafin azahar duk layi Alhaji Difozit ake kirana. Kawu ya karɓe wayarsa, ya ƙirgo kuɗi ya danƙa mini.

"Je ka Wapa ka sayo dala. Kuma don girman Allah da Hausa za ka yi cinikin."