Na Goro a Kano, Na Shayi a Nairobi

Mu dai a unguwar nan halinmu ne, da yaro ya kwaso sabuwar kalma daga bakin titi sai dattawa su haɗe rai, a ce yaran zamani sun gama da Hausa. Kafin a jima kuma sai ka ji kalmar a bakin wanda ya fi kowa faɗa. A-daidaita-sahu ma haka ta shigo. Sunan shirin gyaran tarbiyya ne na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau a Kano, mutanen gari suka ɗauka suka liƙa wa babur mai ƙafa uku.

Zancen nan ne ya taso a teburin mai shayi bayan sallar isha'i. Baba mai unguwa na cikin kokawa da bakin jikokinsa, sai malamin sakandarenmu, wanda ya yi kwas a Kenya, ya gyara zama.

"Baba, ai ba mu kaɗai ba ne. Motar haya a Nairobi matatu ake ce mata. Tatu shi ne uku a Swahili, kuɗin mota kuwa a shekarun 1960 kwabbai uku ne na santi goma-goma. Kuɗin ya tashi tuntuni, sunan ya zauna. A Darussalam kuma daladala suke hawa, domin a da yaran mota kan yi ta kiran dala, dala, wato sule biyar na Tanzaniya."

Mutumin Maraɗi mai kilishi ya ajiye kofi. "Malam, dala ai tamu ce! Mu a Nijar tamma biyar ita ce dala."

"Tushensu ɗaya da dalar da kowa ya sani," in ji Malam. "Acaɓarsu ma bodaboda ce. A Busia ta samo suna, kan iyakar Kenya da Yuganda, inda a da masu kekuna ke ɗaukar fasinja daga boda zuwa boda."

Daga nan ya shiga labarin Sheng, yaren samarin da ya tsiro a unguwannin talakawa na gabashin Nairobi. Ginshiƙinsa Swahili ne, aka zuba masa Turanci da Kikuyu da Luo, saboda 'ya'yan ƙabilu daban-daban sun tashi a layi ɗaya, dole su sami bakin da zai haɗa su. Har juya kalma suke yi: nyumba, wato gida, ta koma mbanyu.

Baba ya yi dariya. "Wannan ai zaurance ne, ɗana! Mu ma mun yi shi don kada iyaye su gane."

Malam ya ce malaman Kenya suna kukan Sheng na ɓata wa ɗalibai jarrabawar Swahili, amma yau da shi ake talla, da shi ake shirye-shiryen rediyo, 'yan siyasa ma da shi suke neman ƙuri'ar matasa. Ya ƙara da cewa abin da mu ke kira na goro, su chai suke ce masa, wato shayi.

"A'a, Malam, a fitar da sana'ata daga wannan magana," in ji mai shayi.

Ɗan Alhaji da ke karatun likita a Hangari ya ce, "Kawu, kwantar da hankalinka. A Budapest in ka ji an ce cai, budurwa ake nufi." Ya ce csaj suke rubutawa, kuma daga harshen 'yan ƙabilar Roma aka aro ta, mutanen da kakanninsu suka taso daga arewacin Indiya. Daga wurinsu aka sami csávó, saurayi, da lóvé, kuɗi. An daɗe ana raina su ana tsangwamarsu, ga shi kuwa da kalmominsu samari ke hira. Haver, aboki, da meló, aiki, da mázli, sa'a, sun fito daga Yidish, harshen Yahudawan Turai, asalinsu kuma Ibrananci ne.

Ya ce a Polan ma haka ne. Ksywa, sunan laƙabi, ta biyo wannan hanyar ta Yidish, ta ratsa bakin 'yan gidan yari kafin ta shiga gari. An hallaka Yahudawa miliyoyi a yaƙin duniya na biyu, unguwanninsu a birnin Waso sun zama kufai, amma kalmominsu na nan a bakin jikokin maƙwabtansu. Su kuma samarin yanzu gutsure magana suke yi: spokojnie ta koma spoko, ba damuwa, na razie ta koma nara, sai an jima.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne gasar da kamfanin buga ƙamus na PWN ke shiryawa a Polan tun 2016, ta zaɓen kalmar matasa ta shekara. A 2018 dzban ce ta ci, ma'anarta tulu, da ita suke kiran mara wayo. Masana harshe ke zama su tantance, jaridu su buga, kalmar ta sami tarihi a rubuce.

Mu kuwa namu zubewa suke yi. Baba ya tambayi samarin wurin nawa ne ahu, nawa ne taro, aka rasa mai amsawa, alhali da su ake ciniki kafin zuwan naira a 1973. Mun san me ya sa ake ce wa naira ashirin Murtala don hotonsa na nan a jiki, amma sarar da ba ta da hoto, wa zai riƙe mana asalinta? Muna da sassan nazarin Hausa a jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato, muna da gidajen rediyo har Damagaram. Ba abin da zai hana su tattara sarar kowace shekara, su tambayi direbobi da 'yan kasuwa da ɗalibai inda ta fito, su rubuta tun masu ƙirƙirar ta suna raye.