Baƙo Ya Zo Ganin Kano

Idan Bazazzage ya zo maka yawon buɗe ido, fara kai shi Dutsen Dala da hantsi, cikin zafin Afrilu. A gindin dutsen zai cika baki wai dutsen Kufena na garinsu ya fi tsawo. Kafin rabin matakala zai zauna yana haki, ya ce tunanin Barbushe yake yi. Kada ka musa masa.

Sai marinar Ƙofar Mata, mai tarihi tun 1498, inda zai tsuguna bakin rami da farar shaddarsa don hoto, baba ya yi masa ado kyauta. Kasuwar Kurmi ka bar ta ƙarshe: can za a rantse masa takobin da aka ƙera shekaranjiya na zamanin Sarki Rumfa ne, ya saya, sannan ya ce, "Malam, ranta mini kuɗin mota."