Saɓanin Malamai a Kan Baƙin Mai

A cikin dukkan mas'alolin da suke raba kan masu motoci a birnin Kano, tun daga maganar gidan man da litarsa take cika har zuwa maganar tayar da ta fi jure zafin kwalta a watan Afrilu, ban ga wadda ta kai mas'alar baƙin mai tsanani ba, domin ita ce kaɗai za ka tarar kowane mahaluƙi, ko da bai taɓa mallakar keke ba, yana da fatawa a cikinta, kuma a shirye yake ya ba ka ita kyauta, ya raka ka da ita har ƙofar gida. Jama'a sun kasu a kanta mazhaba biyu. Ta farko ta dattawan gareji ce, waɗanda suka tafi a kan cewa tsohuwar mota ba ta da magani sai man da aka gada, wanda aka tace daga ɗanyen mai, mai kauri, mai lamba 20W-50. Ta biyu kuwa ta samarin zamani ce, masu cewa duk wanda bai zuba wa injinsa sintetik ba, watau man da masana suka harhaɗa a masana'anta, to, ya zalunci abin hawansa. Ni kuwa Allah Ya jarrabe ni da shehi ɗaya daga kowace mazhaba, kuma dukkansu biyu masoyana ne na haƙiƙa, wanda shi ne ya ƙara wa lamarin muni.

Motar tawa 'yar Kwatano ce, ƙirar Japan ta shekarar 2001, wadda ta yi ƙuruciyarta a Amurka, ta ƙetaro teku, ta shigo ta kan iyaka tun kafin gwamnati ta hana shigo da motoci ta ƙasa a farkon 2017, sa'an nan ta ratsa hannuwan bayin Allah da dama kafin rabo ya kawo ta gare ni. Dillalin ya tabbatar mini cewa wata tsohuwar Baturiya ce take zuwa cefane da ita ranar Asabar kaɗai, ya kuma nuna mini agogon tafiyarta yana kan 180,000. Ina cikin hamdala sai ɗan ƙanwata, wanda ya karanta injiniyanci kuma ba ya barin kowa ya manta da haka, ya leƙo ya ce, "Kawu, ai mil ne wannan, in an mayar da shi kilomita ya doshi 290,000." Na ce lalle kasuwar Baturiyar nan tana da nisa.

Ɗan ƙanwar nan tawa shi ne shehin mazhaba ta biyu, kuma a daren nan ya zaunar da ni ya yi mini darasi tun daga tushe. Ya ce Jamusawa ne suka himmatu wajen ƙera irin wannan mai a lokacin yaƙin duniya na biyu, sa'ad da ɗanyen mai ya yi musu ƙaranci, kuma sanyin Rasha yake daskarar da man da ke cikin injunansu. Daga nan man ya shiga jiragen sama, kafin ya sauko kan motocin talakawa, har kamfanin Mobil ya fito da Mobil 1 a shekarar 1974. Ya ce ƙwayoyin man gargajiya gauraye suke, manya da ƙanana, saboda haka in wuta ta yi wuta ƙananan sukan ƙone su bar dauɗa, alhali kuwa na sintetik kusan kansu ɗaya, ba sa saurin ƙonewa, ba sa saurin daskarewa. Har ya ƙara mini da wata fa'ida da ban tambaya ba, cewa tun 1999, bayan wata jayayya tsakanin Mobil da Castrol a Amurka, aka halatta kiran man da aka tace daga ɗanyen mai tacewa mai tsanani da sunan sintetik, ta yadda ita kanta mazhabar tasu akwai saɓani a cikinta. Ban fahimci rabin abin da ya faɗa ba, amma mutumin da ya iya kawo shekaru a cikin zancensa ba a cika yi masa musu ba.

Na sayi galan ɗin sintetik, kuɗinsa ya ninka na man gargajiya har da ɗoriya, na ninke rasit ɗin na cusa a aljihun riga, na kuwa manta cewa aljihun riga ba sirri ba ne ga mai wanki. Uwargida ta same ni da takardar a hannu, ta ce, "Malam, wannan man na ci ne ko na shafawa? Na ga kuɗinsa zai sayi man gyaɗan da za mu kai azumi da shi." Na yi mata bayanin Jamusawa da sanyin Rasha gwargwadon abin da ya saura a kaina, ta saurara da ladabi har na gama, sa'an nan ta tambaye ni ko a Rasha za a riƙa kai yara makaranta.

Gaskiya ita ce motar ta yi daɗi. Injin ya yi laushi, ƙararsa ta ragu, har na fara yi wa abokai wa'azin sintetik a majalisa, ina kawo 1974 a matsayin hujja. Ana nan sai ɗaurin auren ƙanwar uwargida ya zo, surukina kuwa ya yi wa farfajiyar gidansa sabon daɓen intalok fari tas saboda baƙi, abin da ya ci masa kuɗi da lokaci, kuma duk wanda ya shigo sai an nuna masa. Da na iso, don girmamawa, ya aiko yaro ya ce in shigo da motar ciki, ai ni ɗan gida ne. Na shigar da ita, na ajiye ta a tsakiyar daɓen, inda kowa zai gan ta. Aka ɗaura aure, aka yi walima, aka yi la'asar. Da na zo na ja ta baya don in ba wata mota hanya, sai ga wani tabki baƙi ƙirin yana sheƙi a gurbin da ta tashi, ya bi tsagin duwatsun ya yi rassa gabas da yamma. Kafin in buɗe ƙofa, waliyyin ango, dattijo mai jiki, sanye da farar shadda wadda ko karin guga bai bar ta ba, ya taho yana sallama da mutane yana waiwaye, ya ɗora takalminsa a kai, ƙafa ta wuce gaba, mai ƙafa ya zauna daɓas. Aka yi salati. Yara suka ruga neman toka da garin katako, mata suka leƙo ta taga, ni kuwa na tsaya riƙe da makulli, ga kunyar suruki ta hana ni ɗaga kai, ga kuma dariya tana neman kashe ni a gaban mutanen da ba a yi wa dariya. Surukina, Allah Ya saka masa da alheri, bai ce komai ba illa, "Ba laifi, Malam, an sami abin tunawa da biki."

Washegari na kai ƙara wurin shehin mazhaba ta farko, bakanikena, wanda yakan kira ni Malam in aikin ƙarami ne, in kuwa babba ne ya kira ni Alhaji, ko da yake ya san ban taɓa sauke farali ba. Ya zaro sandar awon mai, ya shafo ɗigo ɗaya, ya murza tsakanin babban yatsa da manuni, ya sansana, ya dubi yaransa, ya ce, "Alhaji, wa ya zuba maka ruwa a inji? Wannan man na ƙasar ƙanƙara ne. Nan Kano ne; tsohon inji kauri yake so, wannan kuwa cinye roba yake yi." Nan take aka kwance noti aka juye man, wanda bai ko fara baƙi sosai ba, aka zuba 20W-50. Abin da na lura da shi, kuma na ajiye a zuciya, shi ne cewa ruwan nan da aka yi wa fatawar rashin amfani ba a kwatami aka zubar da shi ba. Aka wanke bokiti tas aka tare shi, aka tace da ƙyalle, kuma da na dawo ɗaukar motar da yamma na tarar murfin injin motar bakaniken a buɗe, da mazurari a bakinsa. Hatta galan ɗin da babu komai a ciki wani yaro ya roƙe ni in sayar masa, ya ba ni kuɗin da har na ji tausayinsa.

Yoyo dai bai tsaya ba, ya dai koyi natsuwa. Uwargida ta sa aka riƙa shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar kowane dare, ta kuma naɗa autanmu mai duba shi da asuba, yaro mai amana da ƙarfin murya, wanda yakan tsaya a tsakar gida ya sanar da sakamako yadda maƙwabta ma za su amfana. Ga shi hunturu ya shigo, in na tayar da ita da sanyin safiya sai injin ya yi ta ƙaf-ƙaf-ƙaf na ɗan lokaci kafin ya daidaita, fetur kuma ya fara gudu fiye da da. Ɗan ƙanwata, saboda kishin mazhabarsa, ya faki idona ya ƙara mata sintetik daga nasa galan. Bayan haka, a hanyar Wudil, jar fitilar nan mai siffar buta ta kama a gabana, na tsaya a gefen titi na sayi wani mai a kwalbar ruwa wurin wani bawan Allah wanda, da na tambaye shi lambar man, ya ce mini lamba ɗaya ne. Ta haka injina ya wayi gari da mai iri uku a cikinsa, talfiƙin da babu shehin da zai sa masa hannu, na kuwa kwana ina jiran in ji sun dunƙule sun toshe komai.

Wanda ya warware mas'alar wani dattijo ne da muke sahu ɗaya da shi a masallacin unguwa, mutum mai ƙarancin magana, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana aiki a masana'antar harhaɗa Peugeot ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1975. Shi ma sanarwar autanmu ce ta kai masa labari. Bai tambaye ni ra'ayin kowa ba. Ya sa aka wanke injin da kananzir, aka bari ya bushe, ya aika aka karɓo hodar jarirai daga cikin gida ya barbaɗe gefen injin da ita har ya yi fari, sa'an nan ya ce in tayar. Ba a jima ba sai ga wani siririn layi baƙi ya keto farar hodar daga ƙarƙashin murfin kan inji, yana gangarowa a hankali. Ya kwance murfin, ya ɓanɓaro robar da ke zagaye da shi, ya lanƙwasa ta a gabana, ta karye kamar busasshiyar taliya. Kuɗin sabuwarta a Ƙofar Ruwa bai kai rabin kuɗin galan ɗin da ya jawo mini fitina ba.

Ya ce robar ta shekara da shekaru da mutuwa, dauɗar tsohon mai ce ta liƙe tsagar, da sintetik ya zo ya wanke dauɗar sai asiri ya tonu. Maganar cin roba kuwa tana da asali a wasu mayukan farko na shekarun 1970, amma an daɗe da gyara wannan. Ya ce gauraya iri biyun ba ta dunƙule komai, iyakarta ka yi asarar falalar mai tsadar. Sa'an nan ya goge murfin da ake zuba mai da gefen tsumma, ya miƙo mini, sai ga nassi ɓaro-ɓaro a rubuce a kansa, 5W-30, wanda duk muhawarar nan da aka yi babu wanda ya duba, har da mai digiri. Lambar farko, in ji shi, tana nuna saurin gudun mai sa'ad da inji yake da sanyi, kuma a wannan ɗan lokacin ne ƙarfe ya fi cin ƙarfe, shi ya sa na ji ƙaf-ƙaf da asuba. Ta biyu kuwa kaurinsa ne a zafin digiri 100. Hujjar zafin Kano bai karɓe ta duka ba, domin inji mai lafiya yana aiki ne a wajen digiri 90, a Kano yake ko a Jos, muddin tamostat ɗinsa yana nan. Da ya duba nawa kuwa sai ya tarar wani mai ijtihadi ya riga ya cire shi ya jefar. Ya yi wa bakanikena adalci, ya ce 20W-50 shi ne daidai a zamanin Peugeot 504, lokacin da ake barin sarari mai yalwa tsakanin ƙarafan inji, kuma ko yau injin da ya tsufa har yana hayaƙi akwai rangwame a ƙara masa kauri kaɗan, kamar 10W-40. Illa dai an riƙe fatawar wani zamani ana yi wa wani zamani hukunci da ita. Game da juye, ya ce a ƙurar ƙasar nan kada man gargajiya ya wuce kilomita 5,000, sintetik yakan kai 8,000 ko ya ɗara, kuma kowane juye da sabuwar filta. Da na ba shi labarin yaron da ya sayi galan, ya dube ni ya daɗe, ya ce irin waɗannan ne ake cikawa da man jabu a liƙe a mayar kasuwa, saboda haka in na gama da galan in huda gindinsa da wuƙa. Ban ga dalilin kallon da ya yi mini ba, tun da ciniki ne aka yi da yardar juna.

Yanzu 5W-30 nake zubawa, irin wanda kamfani da kansa ya gauraya sintetik da na gargajiya, watau talfiƙi mai hatimi, kuma kwalin autanmu ya bushe har an sauke shi daga muƙaminsa. Ɗan ƙanwata yana gaya wa mutane cewa na dawo kan gaskiya, bakanike kuma yana cewa kason nasa ne yake riƙe da injin, ya kuma koma kirana Malam. Waliyyin ango ya karɓi sabuwar shadda bayan an kai ruwa rana. Saura daɓen surukina: an gwada toka, an gwada garin sabulu da ruwan zafi, an gwada kananzir, tabon yana nan da rassansa, kuma in na je gaisuwa a waje nake ajiye mota, can gaba da gidan maƙwabci. Don Allah, mai karatu, in ka san abin da ke fitar da baƙin mai daga farin intalok, ka taimaka ka sanar da ni kafin bikin ƙanwar uwargida ta gaba, an sa shi bayan Babbar Salla.