Taubashi, Ka Zo Ka Ga Gatan Kare

Bawana ɗan gwaggona,

Labarin bikin nan da rigimar gona duk na ji su a bakin Inna, kada ka wahalar da kanka. Mu lafiya lau, aiki da godiya, sanyi ya fara leƙo Atlanta, Auta ta shiga aji uku, yayanta na koyon tuƙi. Na gama da wannan. Gyara zama.

Maƙwabcinmu Bature, dattijon kirki, shi da matarsa suka gayyace mu yawon buɗe ido a hutun ƙarshen mako zuwa Great Smoky Mountains, duwatsun da ke kan iyakar jihohin Tennessee da North Carolina. Suka ce za su zo da "yaronsu". Uwargida har ta ƙara cincin saboda yaro. Da asuba muka fito, sai ga yaron a kujerar baya, an ɗaura masa bel, an lulluɓe shi da bargo, ya zaro harshe yana kallonmu. Kare ne, taubashi! Sunansa Biskit.

Wallahi jakar Biskit ta fi tawa girma. Akwai kwanon ci, kwanon sha, rigar sanyi, rigar ruwa, ƙwallon wasa, da buroshin goge haƙori. Man gogewar ma ɗanɗanon kaza gare shi. Yana da likitansa, yana da inshorar lafiya, ana yi masa bikin ranar haihuwa. Da muka tsaya sayen shayi a hanya, yarinyar da ke taga ta miƙo masa ɗan kofin kirim kyauta, ta tambayi sunansa, ta ce ya yi kyau. A masauki an biya masa kuɗin kwana daban. An ce da kare ana biki a gida, ya ce mu gani a ƙasa. To, Biskit ya gani a ƙasa, ya gani a kujera, ya gani a kan katifa.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne leda. Duk inda Biskit ya tsuguna ya biya buƙatarsa, sai dattijon nan mai furfura, wanda ya yi ritaya daga aikin injiniya, ya sa hannu cikin leda ya kwashe, ya ƙulle, ya riƙe abinsa yana tafe yana ba ni labarin siyasa. Doka ce, kowa haka yake yi, kuma shi ya sa hanyoyinsu tsaf. Amma ka faɗa min, tsakanin mai tsugunawa da mai kwashewa, wane ne maigida? Na ce da kai za a kawo nan, tunda shara gadonka ce, da ka yi gidan sama a shekara guda.

Sai muka isa garin Cherokee, ƙofar gandun dajin duwatsun, aka ci karo da hukuma. A duk faɗin wurin, hanyoyin ƙafa biyu kacal aka yarda kare ya taka, ta bakin kogin Oconaluftee da ta Gatlinburg, kuma igiyarsa kada ta wuce ƙafa shida. Dalili kuwa dajin cike yake da wata baƙar dabba da suke kira beya, sun haura 1,500, kuma haushin kare kan tunzura su. Matar maƙwabcina ta durƙusa tana yi wa Biskit bayanin dokar a hankali, tana ba shi haƙuri. Aka sauya tsarin tafiyar gidaje biyu saboda kada ransa ya ɓaci. Har shawara aka yi ko a kai shi Doggywood, wato masaukin karnuka da ke wurin wasannin Dollywood a Pigeon Forge, aka ce a'a, zai yi kewa.

Dutsen kam, gani ya kori ji. Wani shuɗin hazo ne ke kwance a kan tsaunukan, itatuwan ne ke fitar da shi, daga nan sunan ya samo asali. A watan Oktoba ganyaye sun koma ja da ruwan ɗorawa har iya ganin ido. Muka bi titi mai murɗe-murɗe ta Newfound Gap zuwa ƙololuwar da ta fi kowacce tsawo, mita 2,025. A da Clingmans Dome ake ce mata, a 2024 aka mayar mata da sunanta na asali, Kuwohi, na ƙabilar Cherokee da aka kori yawancinsu daga ƙasarsu a 1838. Na gaya wa maƙwabcina cewa Chappal Waddi namu na Taraba mita 2,419 ne, ya fi nasu. Sau biyu na faɗa, don ya ji da kyau.

Shi kuwa bai hau ba. Ba a barin kare a hanyar hasumiyar da ke sama, sai ya zauna a wurin ajiye motoci da Biskit a cinya, ya ce mu je mu ɗauko masa hoto. A hanyar hawa matarsa ta gaya wa uwargida cewa 'ya'yansu suna can California, sai Kirsimeti suke zuwa. Daga nan na daina dariyar bargon. Gida shiru abu ne mai nauyi, taubashi, kai da ka tashi a gidan da ba a rasa mai buga ƙofa ba za ka gane ba. A can sama na waiwaya ina neman wanda zan zolaya da Hausa, babu. Auta ta ja rigata ta ce, "Baba, mu ma muna da dutse a gida?" Na ce muna da Kufena, kuma akwai wani bawanmu da ya hau rabi ya zauna yana haki yana kiran gwaggo. Ta ce tana so ta gan ka. In Allah ya yarda za ta gan ka.

Yanzu fa ta kafe sai an saya mata kare. Uwarta ta ce sai dai kyanwa. Ka rufa min asiri, kada wannan magana ta kai kunnen Inna.

Kuɗin shararka na bana yana hanya, ka daina kai ƙarata. In mai zuwa ya samu, a haɗo min kuka da yaji. Kilishi kuwa kada ka soma: a filin jirgin Atlanta akwai wasu ƙananan karnuka masu dogayen kunnuwa, sanye da rigar aiki, suna shinshina jakunkuna, nama ko na ƙwayar zarra ne sai sun tono shi. Ma'aikatan gwamnati ne, har makarantar horar da su akwai a garin Newnan kusa da mu. Ka gaishe da gwaggo da Baffa da amaryarka, ka ce mata ina yi mata sannu da haƙuri.

Ubangidanka na Amurka.