Ouro Preto, Garin Zinariya Mai Cin Gwiwa

Duk mai niyyar zuwa Ouro Preto, tsohon garin zinariya na jihar Minas Gerais a Brazil, gara ya fara shawara da gwiwoyinsa kafin ya yanki tikiti. Masu haƙar zinariya ne suka kafa shi a ƙarshen ƙarni na 17, kuma ba su yi lissafi da ɗan yawon buɗe ido ba: inda arziki ya ɓuya, nan suka yi gida, ko da a ƙugun tsauni ne. Shi ya sa titunansa na duwatsu ba su san shimfiɗa ba, daga hawa sai gangara, in ruwa ya taɓa su kuma sai santsi. Takalmi mai ƙasan roba ya fi kyamara amfani a nan.

Wani zai ce ai Brazil ƙasar zafi ce, rigar sanyi ta mece ce? Garin ya haura mita 1,000 daga doron teku, kuma sanyinsu a Yuni da Yuli yake, lokacin da dare ke sa haƙora kaɗawa. Wani kuma zai ce sai ya hau tasi. Ya hau mana, amma majami'un ƙarni na 18 da ayyukan masassaƙi Aleijadinho, waɗanda suka taimaka UNESCO ta sa garin cikin kayan tarihin duniya a 1980, da ƙafa ake zaga su. Wanda ya yi haki kada ya ji kunya: ita kanta gwamnatin jihar, wadda a da a garin take zaune, da tsaunuka suka matse ta, a 1897 ta tattara komatsanta ta koma birnin Belo Horizonte.