Zuhudun Keke

Ranar Talatar nan, bayan mun idar da sallar Asuba, ina tafe cikin lungunmu na Unguwar Rogo ina jan carbina, ban tare wa kowa hanya ba, sai na ji iska ta ɗaga haɓar rigata, wata halitta mai hular kwano da matsattsen wando ta gifta ni a kan keke, kuma sai da ta kusa shan kwana sannan ta waiwayo ta ce, "Baba, gafara!" To, a iyakar abin da muka tarar wajen magabata, gafara kafin wucewa ake nemanta, amma wadda aka nema bayan an riga an fantsama wa dattijo ruwan kwata a ƙafar wando, wannan ta fita daga babin ladabi ta shiga babin tuba, ita kuwa tuba tana da sharuɗɗanta.

Da hantsi ya yi na aika aka kira mini mai keken, domin ɗan maƙwabcina ne, a gabana aka raɗa masa suna. Na ce, "Ɗana, ina ƙararrawar kekenka?" Ya durƙusa cikin natsuwa ya ce, "Baba, ai na cire ta. Nauyi take ƙara wa keke, tana rage mini gudu."

Subhanallahi! Da na duba keken sai na tarar ashe ba ƙararrawa kaɗai aka raba shi da ita ba, an tuɓe masa kariya, an tuɓe madigadi, an cire fitila, har ɗan ƙarfen da ake tsayar da shi a kai an sallame shi, ya zamana idan mai shi ya sauka sai ya nemi bangon mutane ya jingina. Ban taɓa ganin zuhudu irin wannan ba ko a cikin hikayoyin sufaye, sai dai su sufaye kansu suke hana wa jin daɗi, shi kuwa wannan zahidi kekensa ya sa a halwa, ya bar kansa yana walwala.

Bari mu ɗora mas'alar a kan mizani. Ƙararrawar nan da ake tuhuma ba ta kai nauyin dunƙulen fura guda ba, alhali kuwa malamin namu ba ya dawowa daga atisayensa face ya dama uku da nono ya shanye a tsaye, wai yana mayar da abin da ya ƙone. Idan illar hukuncin ita ce nauyi, to ƙiyasi ya wajabta a cire wayar da ya ɗaure a kan keken tana ƙirga masa kilomita, domin ta fi ƙararrawa nauyi. A cire agogon hannu, a cire baƙin tabarau, a kira wanzami ya sauke sumar da ke ƙarƙashin hular kwano. Daga nan a waiwayi birki, wanda aikinsa kacokan rage gudu ne, babu mai jayayya a kan haka. Kuma idan aka bi hujjar har ƙarshenta, za a iske cewa mafi nauyin abin da keken nan yake ɗauka shi ne mahayinsa, saboda haka kamalar sauƙi ita ce ya zauna gida ya bar keke ya tafi shi kaɗai.

Su kansu ma'abota wannan fanni ba su kai nan ba. Hukumar tseren keke ta duniya da ke ƙasar Suwizalan ta haramta shiga gasa da keken da bai kai kilo 6.8 ba, wato har sauƙi ma an yanka masa nisabi. Masu tseren zagayen Faransa, wanda aka fara tun 1903, suna cin kimanin kilomita 3,500 cikin mako uku, suna hawan duwatsun Alps da Pyrenees, kuma a hawan dutse ne nauyi yake da hukunci. Wane dutse ne tsakanin Unguwar Rogo da Babbar Kasuwa? A shimfiɗaɗɗiyar hanya irin tamu, abokin gabar mai keke na farko iska ce da ke dukan ƙirjinsa, sai tayar da ba ta sha iska ta ƙoshi ba, sai sarƙar da ƙura ta busar. Ta ɗan maƙwabcina kuwa rabonta da mai tun hunturu, tana ƙugi abin tausayi, wanda da kunnena na ƙuruciya ne da ya isar mini gargaɗi.

Juriya kuma ba a sayenta a kanti. Wanda yake son sanadinta ya fita hanyar Kware ko ta Wamakko ko ta Dange da sassafe, ya ga dattijo a kan tsohon Raleigh, da buhun albasa a baya, da jarka a rataye, da ƙararrawarsa daram, yana taka feda a sannu ba ya tsayawa, kuma zai koma gida da azahar a watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40. Sirrinsa ɗaya ne, kullum yana hawa. Irin wannan dattijo ne yake riskar samarinmu a gindin dogonyaro suna haki suna ɗaukar hoto, ya rage tafiya ya ce, "Lahiya, ɗiyana? Mi yak koro ku?"

Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, malaman makaranta da masinjoji da leburori da yawa sun koma kan keke bisa larura, ba su sayi matsattsen wando ba, ba su kuma buge kowa ba. Lungu ba filin sukuwa ba ne. Akwai almajirai masu fitowa da allo, akwai makafi, akwai tsofaffi mata masu kai ƙosai bakin titi, kuma duk wanda ya karya ƙafar ɗayansu domin ya ƙara lamba a wayarsa ya nuna wa abokai, ba zai biya diyya da hoto ba.

Wai ma tsere! A wasannin Olamfik na birnin Faris a 2024, 'yar tseren Nijeriya Ese Ukpeseraye sai da Jamusawa suka ara mata keke sannan ta shiga wata gasar, ƙasa guda cur ta je taron duniya da aron abin hawa. Ban yi mamaki ba, domin aro a wurinmu ya zama al'ada mai ƙarfin ijma'i: mutum ya sayi keken dubban ɗaruruwa, amma famfo sai na maƙwabci, sifana sai ta mai faci, man sarƙa kuwa sai a ɗebo na keken ɗinkin uwargida. Kuma malamai sun bambanta aro da kyauta tun da daɗewa, mu ne muka haɗe babukan biyu domin sauƙin karatu. Ni kaina ina da famfo mai jan hannu wanda ya fita gidana tun kafin azumi, aka ce yanzun nan za a dawo da shi, ga shi har an ci naman layya an siɗe.

Wanda yake hannunsa ya san kansa, kuma yana karanta wannan shafi. Ya aiko yaro da shi kafin Juma'a.